Baƙin Mai da Man Giya: Abin da Tsohuwar Mota Ke Bukata

Da zarar kaka ta yi, hanyar Kano zuwa Katsina takan cika da motocin ɗaukar amfanin gona. A Yashe, a Gidan Mutum Ɗaya, a cikin garin Kankia, za ka ga akori-kura an lafta mata buhunan gero da dawa da wake tana nishi. Galibin motocin nan tsofaffi ne, wasu ma sun girmi direbobinsu. Amma su ne ke shiga Rimaye da Kafin Soli da Mawashi da Kofa, inda sabuwar mota ba ta son sa ƙafa. Su ne ke kai taki gona, su kai hatsi kasuwa, su kuma ɗauko mace mai naƙuda da tsakar dare zuwa asibiti.

A yawon da muke yi cikin ƙauyukan Kankia da Kusada, tambayar da masu motoci da dattawan ikilisiya suka fi yi mana bayan ta taki da iri, ita ce ta baƙin mai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin galan na baƙin mai ya yi tashin gwauron zabo. Sai mutane suka koma sayen na kwalba a bakin hanya, ko su jinkirta juye har mai ya zama kamar kwalta. Sakamakon kuwa a fili yake: injuna suna bugawa. Injin da ya buga a kaka ya cinye ribar shekara. Wanda ya buga a daji da magariba, a wannan zamani da ba mai son dare ya yi masa a hanya, yana iya jawo abin da ya fi asarar kuɗi. Saboda haka muka ga ya dace mu keɓe wannan fili domin bayanin baƙin mai da man giya. Kada mai karatu ya firgita, giyar mota muke nufi.

Daga ina motocin nan suka fito?

Kafin a zaɓa wa mota mai, sai an san shekarunta. Peugeot 404, wadda muke ce wa Fijo, ta fito a Faransa a 1960, ƙanwarta 504 kuma a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, aka ci gaba da yin 504 a can har wajen 2006, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Shi ya sa har yau ake samun kayan gyaranta da makanikan da suka san ta ciki da waje. A shekarar 1975 ɗin ce kuma aka fara harhaɗa Volkswagen mai kama da kunkuru a Legas. Land Rover samfuri na uku, wadda asibitocin mishan da ma'aikatun gona suka yi aiki da ita ƙwarai, an yi ta daga 1971 zuwa 1985. Tarakta Massey Ferguson 135 kuwa an yi ta daga 1964 zuwa 1975. A zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 da shirin bunƙasa noma na 1980, taraktoci sun yawaita a Arewa, har aka riƙa harhaɗa Steyr a Bauchi da Fiat a Kano.

Watau dai injunan nan an zana su ne shekara 50 ko 60 da suka wuce, domin irin man wancan zamani. Man da ake yi yau ya fi na da kyau ta hanyoyi da yawa, amma an shirya shi ne domin injunan yau. Abincin saurayi ba kullum yake yi wa tsoho daidai ba.

Aikin baƙin mai

Cikin injin, ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe sau dubbai a minti guda. Baƙin mai yakan shiga tsakaninsu ya zama shimfiɗa, wadda kaurinta bai kai na silin gashi ba. Muddin shimfiɗar nan tana nan, ƙarafan ba sa taɓa juna. Idan ta yage, ko na ɗan lokaci ne, sai su ci juna, su yi zafi, su narke su manne. Abin da muke kira bugawar injin ke nan.

Ban da wannan, mai yana kwashe zafi daga fistin ya kai shi ƙasan injin. Yana toshe 'yar kafar da ke tsakanin zobban fistin da bangon silinda domin kada ƙarfi ya zurare. Yana ɗauke baƙin hayaƙi da ƙura ya kai su matata, yana kuma kashe tsamin da ƙonewar fetur ko gas ke haifarwa, wanda kan ci ƙarfe. Ayyukan nan na ƙarshe ba man ne kaɗai ke yin su ba. Magunguna ne da masana'anta ke zubawa a ciki, kuma su ne ke ƙarewa da tafiya. Don haka mai yana iya kasancewa da santsi a yatsa alhali ƙarfinsa ya riga ya ƙare.

Lambobin kauri

A jikin kowane galan na ƙwarai akwai haruffa SAE da lamba a gabansu. SAE ƙungiyar injiniyoyin mota ce ta Amurka, wadda ta fara tsara ma'aunin kaurin mai tun 1911. Lambar ba ta nuna kyau ko rashin kyau, kauri kaɗai take nunawa. SAE 30 ya fi 40 tsinkewa, 50 ya fi 40 kauri, kuma ana auna su ne a zafin tafasar ruwa, watau digiri 100.

Kowane mai yakan daskare da sanyi ya tsinke da zafi, kamar man shanu. A shekarun 1950 aka samo dabarar yin mai mai lamba biyu, kamar 20W-50 ko 15W-40. Lamba ta fari mai harafin W tana nuna yadda yake gudu da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa bayan injin ya yi zafi. Wannan yana da amfani gare mu, gama yanayinmu iri biyu ne. A watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40 a inuwa. A watan Janairu kuwa, da asubar hunturu, mai mai kauri yakan daɗe kafin ya hau saman injin, kuma a cikin 'yan daƙiƙun nan na farko ne injin ke cin kansa ƙwarai.

Ga tsohuwar mota mai fetur, irin su 404, 504, Land Rover da Volkswagen, 20W-50 shi ne ya fi dacewa da ƙasarmu. SAE 40 mai lamba ɗaya ma yana yi, sai dai a bar injin ya yi minti biyu ko uku yana aiki a hankali da safe kafin a ɗora masa kaya. Ga injin gas, watau dizal, a nemi 15W-40 ko SAE 40 na dizal.

Akwai kurakurai biyu da muke yawan gani. Na fari, mutum ya ga ana zuba 5W-30 ko 0W-20 a motocin Kwatano na zamani, ya ga ya fi tsada, sai ya ɗauka ya fi kyau. Injunan zamani a matse suke, shi ya sa suke son mai tsinkakke. Tsohon injin tun asali kafofinsa sun fi faɗi, tafiya kuma ta ƙara buɗe su. In an zuba masa tsinkakken mai, sai matsin mai ya faɗi da rana, jar fitila ta riƙa ƙyaftawa, hayaƙi ya ƙaru. Na biyu, mutum ya ga motarsa tana hayaƙi, sai ya zuba man giya cikin injin domin ya toshe. Hayaƙin yakan ragu na 'yan kwanaki, amma man giya ba shi da maganin wanke injin, abin da ke cikinsa kuma yana cin mital idan ya yi zafi. Mota mai shuɗin hayaƙi zobba take bukata, ba a yi mata magani da galan.

Haruffan inganci

Alama ta biyu ita ce API, da haruffa biyu a gabanta. Harafin S na injin fetur ne, C na injin gas. Harafi na biyu yana nuna zamani: SE ya fito a 1972, SF a 1980, SL a 2001, SN a 2010, SP a 2020. A wajen gas akwai CD na 1955, CF na 1994, CH-4 na 1998 da CI-4 na 2002. In ka ga SA, ka ajiye galan ɗin, gama mai ne tsura wanda ba magani a cikinsa, bai dace da motar da aka yi bayan 1930 ba. In ba ka ga harafi ko ɗaya ba, ka ajiye shi ma.

Bisa ga ƙa'ida, sabon harafi yana maye gurbin tsoho. Amma akwai abu guda da mai tsohuwar mota ya kamata ya sani. A cikin tsofaffin injuna, sandar da ke buɗe bawul tana goga ne kai tsaye a kan ƙarfe mai fuska a shafe, da matsi mai yawa. Abin da ke kare wurin nan wani magani ne mai tutiya da fosfaras, wanda ke yin ɓawo a kan ƙarfen idan ya yi zafi. Motocin zamani kuwa suna da tukunyar tace hayaƙi a jikin salansa, fosfaras kuma yana lalata ta. Saboda haka tun 2004 aka ƙayyade fosfaras kada ya wuce kashi 0.08 cikin ɗari a tsinkakkun mayuka irin su 5W-30 da 10W-30. Wannan iyaka ba ta hau kan 20W-50 da 15W-40 ba. Ga dalili na biyu ke nan da ya sa muka ce a tsaya a kansu.

Daɗin daɗawa, yawancin man dizal 15W-40 yana ɗauke da alama biyu, alal misali CI-4/SL. Irin wannan yana yi wa tarakta, ya yi wa akori-kura mai fetur, ya yi wa injin ban ruwa. Ƙungiyar da ke da injuna iri-iri tana iya sayen shi kaɗai ta huta da ruɗani.

Game da man nan mai tsada da ake ce wa sintetik, ba ya cutar da ƙarfe, amma yakan gano duk inda robar toshiya ko gasket ta tsufa ya riƙa ɗiga. Ga motar da ƙura za ta tilasta a yi mata juye da wuri, kuɗinsa ba ya fita. Gara mai na tsaka-tsaki da ake sauyawa a kan lokaci.

Injin da ba shi da matata

Volkswagen mai kama da kunkuru ba ta da matatar mai irin ta sauran motoci, rariya ce kawai a ƙasan injin. Manta lita 2.5 ne kacal, kuma da shi da iska ne ke sanyaya injin, tun da ba ta da lagireto. Haka nan injin niƙa samfurin Lister, wanda aka fara yi a Ingila wajen 1930, da irinsa da ake kawowa daga Indiya: yawancinsu ba matata, mai yana fantsama ne a ciki. A irin waɗannan injuna, dattin da mai ya ɗauka ba shi da wurin tsayawa sai a cikin man. Maganin abin shi ne juye da wuri, da wanke rariya kowane juye.

Idan an sayi tsohon injin da ya daɗe a ajiye, ko wanda ba a san irin man da ya sha ba, kada a zuba sabon mai a tayar kawai. Sabon mai mai maganin wanki yana iya ɓamɓaro tsohon laka ya toshe rariyar famfon mai. A kwance kaskon ƙasa, a wanke shi da kananzir, a bar shi ya bushe, a zuba mai, a yi tafiyar kilomita 500, sa'an nan a sake juye.

Man giya da na aksul

A nan ne asara ta fi yawa, gama mutane da dama sun ɗauka man giya iri ɗaya ne. Da fari, lambarsa dabam take da ta injin. SAE 90 na giya kaurinsa kusan ɗaya ne da SAE 40 ko 50 na injin. Bambancin yana wajen maganin da ke ciki, mai warin farar wuta, wanda ke hana haƙoran ƙarfe mannewa a ƙarƙashin kaya mai nauyi. Ana nuna yawansa da haruffan GL. GL-1 ba shi da maganin, GL-4 yana da matsakaici, GL-5 kuwa yana da kusan ninkin na GL-4.

A aksul na baya na yawancin motoci, haƙoran suna birgima suna kuma gogar juna a lokaci guda. Nan GL-5 yake da aiki, SAE 90 ko 80W-90, ko 85W-140 ga babbar mota mai ɗaukar kaya. Amma cikin giyabos akwai zobban tagulla masu daidaita gudun haƙora domin giya ta shiga ba ƙara. Maganin GL-5 yana yi wa zobban nan santsi fiye da kima, wani irinsa kuma yana cin tagulla idan ya yi zafi. Alamar ita ce giya ta fara kartar haƙora, man da aka juye kuma ya fito da ƙyalli kamar garin zinariya. Saboda haka ga giyabos a nemi GL-4, sai fa in littafin motar ya faɗi wani abu dabam.

Kuma lalle yakan faɗa. Giyabos na Peugeot 404 da 504 baƙin man injin aka ce a zuba masa. Direbobi da yawa suna zuba SAE 90 ko 140, sa'an nan su yi kukan giya tana tauri da safe. Wasu tsofaffin ƙananan Mercedes kuwa, ko da masu giyar hannu ne, jan man nan na mota mai sarrafa giya da kanta suke sha. Land Rover samfuri na uku tana son SAE 90 GL-4, amma a wurare da yawa: giyabos, akwatin raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, aksul biyu, ƙwallayen nan biyu na ƙafafun gaba, da akwatin sitiyari. Wanda ya duba ɗaya ya bar shida bai yi sabis ba.

Masu 403 da 404 su lura da kyau. Da yawa daga cikinsu, musamman na ɗaukar mutane, aksul ɗinsu na baya sukurun ƙarfe ne ke juya faifan tagulla. Masana'antar ta keɓe masa mai na musamman, wanda ba a gauraya shi da wani. A sa makaniki ya buɗe murfin zuba mai ya haska tocila. In ya ga haƙoran launin tagulla ne, kada a zuba GL-5 ko kaɗan. A juye tsohon sarai, a nemi man da aka rubuta a jikinsa cewa ba ya cin tagulla. Faifan nan in ya cinye, samun wani sai an tona.

Da damina akwai wani haɗari. Aksul yana da 'yar kafar numfashi a samansa. In mota ta taho da zafi ta faɗa rafi, iskar ciki takan tsuke ta zuƙo ruwa. Bayan kowace ƙetarar ruwa mai zurfi a buɗe a duba. Man da ya zama kamar koko ya sha ruwa, a juye shi a ranar.

Tarakta da injin ban ruwa

A Massey Ferguson, giyabos da aksul na baya da famfon ɗaga garma duk mai guda suke sha daga tukunya guda. In an zuba man giya mai kauri, garma takan yi nawar tashi, famfo ya wahala. Taraktocin baya-bayan nan kuma birkinsu a cikin man yake, in man bai dace ba sai ka ji birki yana kuka yana fizga. Akwai mai na musamman domin wannan aiki, ana rubuta UTTO ko STOU a jikinsa. Tarakta ba ta lissafin kilomita, awa take lissafi. A yi wa injinta juye tsakanin awa 200 da 250, a kaka da bazara ma kafin haka.

Ƙaramin injin ban ruwa na masu noman rani, irin samfurin Honda, mansa bai fi kashi 6 cikin 10 na lita ba, kuma ba shi da matata. Sabo a yi masa juye bayan awa 20 na farko, daga nan kowace awa 100. Manomin da ke ban ruwa awa 5 kullum, kwana 20 ke nan. A kuma ajiye shi a wuri mai daidai, gama in ya karkata a gefen rijiya mai yakan taru gefe guda.

Birki da giris

Man birki ba dangin baƙin mai ba ne. A nemi mai alamar DOT 3 ko DOT 4 a gwangwani rufaffe. Ɗigon baƙin mai ko kananzir a tukunyar birki yana kumbura robobi, birki ya ƙwace. Mun sha jin ana zuba ruwan sabulu a maimakonsa. Ruwa yana tafasa idan birki ya yi zafi, tururi kuma ba ya riƙe mota. Wanda ya yi haka ya ɗauki fasinja, ran mutane ya sa a caca. Man birki na ƙwarai ma yana shan laima daga iska, don haka a sauya shi duk shekara biyu.

Tsofaffin motoci suna da nonon giris a mahaɗan farfela da na sitiyari da na ƙafafun gaba. A goge kowane nono kafin a sa famfo, in ba haka ba yashi za a tura ciki. A yi ta bugawa har tsohon giris ya fito.

Yaushe za a yi juye?

Injin 504 yana ɗaukar kimanin lita 4, littafinsa kuma ya ce juye kowace kilomita 5,000. Wannan lissafin kwalta ne. A hanyoyinmu na burji, shawararmu ita ce kilomita 3,000, a kuma sauya matata tare da mai. Daga Kankia zuwa Katsina kimanin kilomita 60 ne. Motar da ke zuwa ta dawo sau uku a mako ta ci 360, watau cikin wata biyu lokacin juye ya yi. In agogon kilomita ya mutu, a yi lissafi da watanni. Motar da ba ta yawan fita ma a yi mata juye duk wata shida. A yi juye injin yana da ɗumi, domin datti ya biyo mai.

Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, in ta gauraya da mai sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Ta hanyar iska take shiga. Land Rover da Volkswagen da tsofaffin taraktoci suna da matatar iska mai kaskon mai. A hunturu a wanke kaskon nan kowane mako, na tarakta mai aiki cikin ƙura kowace rana, a zuba mai daidai layin da aka zana.

Kowace safiya, kafin a tayar da mota, a zaro gejin mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. Ya tsaya tsakanin layi biyu. Cikawa fiye da kima yana sa mai kumfa. In ya yi fari kamar madara, ruwan lagireto ya shiga. In yana warin fetur kuma yana ƙaruwa da kansa, kafireto ko famfon fetur yana zuba. Baƙin launi kaɗai ba laifi ba ne, musamman a injin gas, alama ce mai yana kwasar datti.

Jabun mai

Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 an gina mata sashen yin tushen man shafawa, amma yanzu daga waje ake shigo da galibin tushen man da masana'antun ƙasar nan ke haɗawa. Wasu marasa tsoron Allah sukan sayi tushen nan tsura, ba magani ko ɗaya, su ɗura a kwalabe. Wasu kuma tsohon mai suke tacewa su zuba a galan na kamfani. Ido ba ya rabe su, yatsa ma ba ya rabewa.

Ba ma tallan kowane kamfani. Abin da muke cewa shi ne a saya a gidan mai ko wurin dila sananne. A duba hatimin murfi, a duba SAE da API, a duba tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, watau SON. In kuɗin ya yi ƙasa da na ko'ina, a tambayi dalili, gama araha ba ta ado. A tsaya a ga an buɗe galan an zuba. Bayan haka a huda galan ɗin, domin kada ya koma kasuwa da wani abu a cikinsa. Wanda ke ganin mai na ƙwarai ya yi tsada, ya je gareji ya tambayi kuɗin sauke injin da wankin kiranshaf da sayen mital da zobba, ya haɗa da makonnin da mota za ta yi ba aiki, sa'an nan ya gwada.

Tsohon mai

Man da aka juye dafi ne. Yana ɗauke da garin ƙarfe da abubuwan da ke jawo ciwon daji a fata in ana yawan taɓa shi. Kada a shafa shi a gyambon sa ko jaki, ko a jikin akuya mai ƙaiƙayi, balle a ƙafar yaro. A nemi malamin dabbobi ko na asibiti. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko a fadama, gama lita guda tana iya ɓata ruwa mai ɗimbin yawa, ƙasar da ta sha shi kuma takan daɗe ba ta ba da amfani. A tara shi a jarka mai murfi nesa da yara. Ana iya shafa shi a garma da faranti bayan damina domin tsatsa.

Shawara ga ikilisiyoyi da ƙungiyoyi

Motar ikilisiya ko tarakta ta ƙungiya da guminmu aka saye ta. Akwai kwanon hatsin gwauruwa a ciki, akwai kuɗin zumuntar mata. Amana ce, kuma Ubangiji yana duban yadda muke riƙe ƙaramin abu. Abin kowa da kowa shi ya fi saurin lalacewa, domin kowa yana zaton wani ya duba.

Saboda haka a naɗa mutum guda mai kula da kowane injin. A ajiye ƙaramin littafi cikin mota, a rubuta ranar juye, kilomita ko awa, irin man da aka zuba da sunan wanda ya zuba. A karanta littafin nan a taron kwamiti kamar yadda ake karanta na ma'aji. Daga kowane kuɗin haya a ware wani kashi domin mai da matata tun kafin a raba sauran. Masu motoci na ƙauye guda, Kirista da Musulmi, suna iya haɗa kuɗi su sayi jarka mai lita 25 ko ganga daga dila, gama sari ya fi sauƙi, ya kuma fi aminci. A ajiye gangar a inuwa, a kwance, da mazurari mai tsabta wanda ba a aikin komai da shi sai wannan.

A kuma girmama tsofaffin makanikai na Kankia da kewaye waɗanda suka koyi aiki a kan 404 da Land Rover. A tura samari su zauna ƙarƙashinsu tun suna da ƙarfin koyarwa. Wanda ke da littafin tsohuwar mota ko tarakta a akwati, ya kawo mana idan mun zo zagaye, mu juya shafin mai zuwa Hausa domin amfanin kowa. Wanda kuma bai tabbatar da abin da injinsa ke sha ba, ya rubuto sunan injin da lambarsa ta hannun mai bishara ko shugaban ƙungiyarsa, za mu amsa a fitowa ta gaba. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a amfanin da muka tara. Amin.